Sojan Tele da Jikata Dassin

Shekarar da aka rufe ramin haƙar ma'adinai na Akokan, jikata Dassin ta kai wayarta caji wani shago a bakin kasuwa, don kuran, wato lantarki, ya kwana biyu bai leƙo unguwarmu ba. Ni Akoli ke ba ku labarin, ni da fari biyu suka yi kokawa da ni suka tashi da ciwon baya. Ku gyara zama.

Mai shagon Fatahu ne, ɗan Damagaram, wanda ya shekara shida yana aiki a ƙarƙashin ƙasa. Da aka sallame su bai koma gida ba. Ya ɗora farantin hasken rana a rufi, ya ajiye tele da na'urar wasa. Wasan na harbi ne, mutum ɗaya ke yin sa. Ba ka ganin fuskar sojanka, bakin bindiga kawai kake gani a gabanka, kamar kai ne.

Dassin ta same shi riƙe da manet, wato linzamin wasan, sojansa na tsaye gindin wani ƙonannen kamyo, wato babbar motar kaya, ana yi masa ruwan harsashi.

"Malam, ka gudu mana! Ga hanya ta hagu."

Ya waigo. Soja ya faɗi, shi ma saura ƙiris.

"Kin kashe ni," in ji shi.

"Tun kafin in shigo kake mutuwa."

Daga ranar wayarta ta daina riƙe caji. Saƙonninsu ita ta karanta min, don ni ban yi lakkol ba, ban san boko ba, taurari kawai na iya karantawa.

"Ruwan sanyina, yau ma na mutu sau huɗu a gindin kamyon nan. Da na tuna dariyarki sai na tashi."

"Sojan tele, duk Akokan an wuce wurin nan sai kai. In gida za ka gina a can, ka yi ɗaki biyu."

To, akwai Kalilu, direban hanyar Assamakka, shi ma yana son ta. Shi ya kai wa mahaifinta Rhissa gulma, wai Fatahu kisa yake koya wa mutane. Rhissa kuwa ya hau dutse lokacin tawaye, har yau da ɗingishi yake tafiya.

"Na ji kukan bindigar gaske," ya ce. "Wanda ya mai da ita abin wasa ba zai sha shayi a gidana ba."

Fatahu ya rubuto: "In Baba ya ƙi, zan koma Damagaram. Ba zan iya ganin ki a motar wani ba."

Dassin ta zo min da idanu jajur.

"Kaka, za ka bari?"

"Amaryata, kishi ya ce in bari. Amma tashi ki ɗauko min sandata."

Bayan la'asar na ja Rhissa zuwa shagon. Kalilu ya biyo mu ba wanda ya kira shi. Na ce a ba ni manet, ni da na ratsa hamadar Tenere da mota sau arba'in ba taswira. Na mutu sau tara kafin shayi ya tafasa. Laifin linzamin ne, an yi shi don ƙananan yatsu.

Amma na gane wasan sarai, na kuma faɗa musu. Wanda ya ƙera shi ya san tsoro. Ba ka ganin bayanka, takun abokin gaba kunne ke fara kawo maka shi, kuma harsashi na ƙare maka daidai inda ba ka so. Wannan duk haka yake. Sauran kuwa tatsuniya ce. Soja ya wuni yana gudu cikin rairayi bai nemi ruwa ba! Bindigarsa ba ta taɓa cin yashi ta ƙi tashi ba. A harbe shi, ya laɓe bayan bango, rauni ya warke kafin ka yi atishawa. Ga shi shi kaɗai, ba aboki. A hamada mai tafiya shi kaɗai ungulu yake kai wa abinci.

Kalilu ya karɓi manet yana murmushi. Gaskiya ya iya. Da ya iso ƙonannen kamyon sai muka ga wani soja kwance ƙarƙashinsa, ya miƙo hannu yana kira da Faransanci. Kalilu ya tsallake shi ya bi hagu.

"Me wancan yake cewa?" in ji Rhissa.

"Wai kada a bar shi. Adon wasa ne kawai, Baba, ba a samun komai a kansa," in ji Kalilu.

Rhissa ya nuna Fatahu. "Kai, yi mu gani."

Fatahu ya zo tiryan-tiryan, harbinsa ba ya faɗuwa ƙasa. Yana isa kamyon ya tsaya a kan mai raunin, ya juya masa baya yana kare shi, har aka kashe shi.

"Ba ka san hanyar ba ne?"

"Na sani, Baba. Babban aibin wasan ke nan. Akwai maɓallin harbi, akwai na tsalle, akwai na gudu, babu na ɗaukar mutum. Na danna su duka." Ya sunkuyar da kai. "A rami kowa na da fitila mai lamba. In an fito aka ga gurbin fitila ɗaya fanko, ba mai tafiya gida sai an nemo mai ita. Na san hoto ne, amma hannuna ya ƙi."

Rhissa ya ja rawani ya rufe fuska har idanu. Ni kaɗai na san dalili. A tawayen farko ya kwana biyu gindin wata ƙonanniyar mota da harsashi a cinya, abokansa sun wuce. Wa ya juya da tsohuwar motarsa, taya ɗaya cike da ciyawa, ya ɗauko shi? Ni. Daga baya ma na ba shi 'yata.

Can ya sauke rawanin. Sannan ya miƙa wa Fatahu kofin shayin da ke hannunsa.

"Gobe ka turo manyanka. Kuma ranar Juma'a ka rage ƙarar abin nan."

Kalilu ya tuna yana da lodi.

An ɗaura aure bayan Sallar Layya. Mata suka buga tende, gangarmu ta turmi, 'yan Damagaram suka zo da kalangu, ni kuma na yi rawar da ta sa samari jin kunya. Na kama hannun ango na ce, "Na sakar maka matata, don na ga ba ka iya barin mutum a hanya."

Yanzu kujera biyu ce a gaban telen, ko da yake wasan na mutum ɗaya ne. Dassin ta kai ƙarshensa tun tuni. Mijinta na nan gindin kamyo.

Allah Ya ba su ruwa a shekarar fari, Ya ba su 'ya'ya masu waiwaye, masu kama da kakansu.