Kumfar Ruwan Ciki

"Allura a kan jikana? Wallahi ba da yawuna ba!"

Hajiya, uwar mijina, ke wannan faɗan tana turo mani kwanon jiƙon da ta haɗa. Warinsa kamar kwatami. Na kau da kai.

Cikina ya tsufa, jinina kuwa ya ƙare. Tafin hannuna fari fat, ko tsakar gida na ratsa sai na zauna ina haki. Likita a Dutsin-Ma ya ce gara a ciro ɗan da wuri, amma tunda ba mu tabbatar da watannin cikin ba, sai ya ɗebi ruwan mahaifa da allura ya ga ko huhun jaririn ya ƙosa.

"Hajiya, ran Rekiya ne fa..." in ji mijina Dalhatu, murya ƙasa-ƙasa.

"In allurar ta soki yaron fa? Mata sun ƙare ne a Kurfi?"

Na dube shi. Ya sunkuyar da kai. Mutumin da yake taka keke har garinmu Tamawa cikin ruwan sama don ya gan ni! Na ji ƙyamarsa.

Da safe na ja mayafina na shiga mota ni kaɗai zuwa asibitin Dutsin-Ma.

Ina kwance, nas Kezia na shafa mani magani a ciki, sai ga Dalhatu ya faɗo ɗakin, gumi sharkaf.

"Ni ne mijinta. Likita, a yi!"

Na juya fuskata bango.

Aka zuƙo ruwan, aka girgiza shi cikin 'yar kwalba. Kezia ta ɗaga ta.

"Kin ga kumfar nan da ta tsaya? Huhu ya ƙosa!"

Jinin Dalhatu aka ƙara mani kafin a yi aikin. Na farka ina jin kukan ɗiya mace.

Dalhatu ya durƙusa a bakin gadon, idanunsa jajir.

"Rekiyata, hasken idona... ki yafe mani."

"Daga nan Tamawa zan wuce, Malam."

"Zan biyo ki."

"Hajiya ta yarda?"

"Na riga na gaya mata. A gaban kowa na ce matata ɗaya ce, kuma ba ta da madadi."

Na dai matsa kaɗan, na bar masa wuri a gefen gadon.