Duwatsun Akwati Na Bakwai

Sufeto Bakht Zamin yana cikin tsoma gurasa a shayi da safiyar Laraba, sai ga Dakta Palwasha ta faɗo ofishinsa ko sallamar kirki babu. 'Yan sanda biyu na biye da ita, ɗauke da akwatin katako mai lamba 7 da jan fenti.

Babu wanda bai san ta ba a garin Spinkot. Ita ce wakiliyar asusun nan na ƙasashen waje da ya ɗauki nauyin kwashe tsofaffin littattafan masallacin katako zuwa wani rumbun ƙarƙashin ƙasa a birni, kafin yaƙin da ke gangarowa daga kan duwatsu ya iso gari.

"Sufeto Sahib, buɗe ka gani da idonka."

Ya ɗaga murfin. Ƙunshi ne na koren yadi, an ɗaure shi tsaf. Da ya kwance, sai ga duwatsu uku masu faɗi, irin na bakin kogi.

"Me ya kamata a tarar a nan?"

"Babban Alƙur'anin masallaci."

Sufeto ya ture kofin shayin gefe. Ya san littafin nan. Shekara ɗari uku ke nan duk wanda zai bar Spinkot sai an ɗaga masa shi a bakin ƙofa ya bi ta ƙarƙashi. Shi kansa ta nan ya bi ranar da zai tafi kwalejin 'yan sanda, uwarsa na kuka a baya.

"A birni muka buɗe jiya," in ji Dakta. "Masu asusun sun ce a tsaya cak. In ba a ga littafin ba, ko litar mai ɗaya ba za su ƙara biya ba. Ga akwati talatin can jibge a masallaci, sojoji kuma sun ce jibi bayan Juma'a za su rufe hanya, kowa ya fice. Ka dai san rufin masallacin nan. Tartsatsi ɗaya ya ishe shi."

Saje Nek Amal ya ƙame. "Yallaɓai, ai an gama. Direban da ya kai akwatin birni na bayan kanta tun jiya."

"Sannu da ƙoƙari, Saje. Kawo mini sikelin mai kantin fulawa."

Shi dai Sufeto hali gare shi: ba ya gaggawar tambayar wa ya yi, sai ya gama mamakin yadda aka yi. Ya bi ƙusoshin murfin ɗaya bayan ɗaya, kowace rami ɗaya gare ta, alamar ba a ɓalle an sake bugawa a hanya ba. Hatimin asusun ma, in ji Dakta, lafiya lau yake sai da ta karya shi da hannunta. Aka ɗora duwatsun a sikeli: kilo goma sha ɗaya, daidai da nauyin littafin a takardar Dakta. Sai ya kai ɗaya hanci ya shinshina.

"Ikon Allah! An wanke su, an shanya, har da turaren wardi. Wannan ɓarawo da ladabi yake."

Aka fito da direban. Torgul sunansa, ƙaton mutum mai gashin baki kamar tsintsiya, ido ya yi jawur.

"Ka tsaya a hanya?"

"Ni? Wallahi Sahib ko ruwa ban tsaya sha ba."

"Tafiyar awa biyar ka yi ta a awa bakwai. Motar ce ta tsufa, ko hanyar ce ta ƙara tsawo?"

"Shingayen sojoji ne."

Sufeto ya zaro wani ɗan takalmin roba na jariri, wanda Saje ya tsinto a bayan motar, ya ajiye a kan tebur. "Wannan na wane soja ne?"

Torgul ya sunkuyar da kai. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Ya ce ƙanwarsa ce da 'ya'yanta huɗu ya ratse ya ɗauko daga ƙauyensu, inda ake ta luguden wuta. Asusun ya hana ɗaukar fasinja, shi ya sa ya ɓoye.

"Akwati na bakwai fa, ina ka sa shi?"

"Ina kuwa? Can sama, bisa rumfar direba, babu abin da ke kansa. Da alwalata na ɗora shi. Sahib, awa bakwai ban kunna waƙa ba. Ni Torgul! Ko garin taba ban sa a baki ba, har kaina na juyawa."

"To duwatsu ne a ciki."

Direban ya saki baki. "Wato duwatsu na yi wa wannan biyayyar?"

Saje ya ƙyalƙyale da dariya har sai da Sufeto ya harare shi. Amma shi ma Sufeton ya riga ya yanke a ransa: mutumin da ya yi wa akwati azumin waƙa bai san babu komai a ciki ba.

Kafin azahar suka isa masallaci. Can nesa ana jin ƙarar manyan bindigogi jefi-jefi, mutane na ta ɗaure kaya a kan jakuna da ƙananan motoci.

Kaka Fazal Rabi ya tarye su a ɗakin littattafai. Shekararsa arba'in yana tsaron wurin, shi ne kuma ladan. A hannunsa Sufeto ya koyi alif da ba, har yau kuma in tsohon ya ɗaga sanda sai ya ji tafin hannunsa na tsami.

"Bakht, ka yi ƙiba," in ji tsohon. "Gwamnati na ciyar da kai."

"Albarkacinku ne, Kaka. Wa ya sa littafin a akwati?"

"Ni, da hannuna. A gaban 'yar birnin nan."

"Ba ka ga wani baƙo ba?"

"Baƙo ai direban ne. Amma ni ban ce shi ne ba," ya ƙara da sauri.

Saje, wanda takalmi ya matsa wa, ya zauna a tabarma ya miƙe ƙafafu wajen akwatunan talatin. Kafin ya ce me, sanda ta sauka a ƙaurinsa, tau!

"Kai, ɗan nema! Littattafan Allah kake miƙa wa ƙafa? A wane gida aka raine ka?"

Saje ya tattare ƙafa yana sosa ƙauri. Sufeto ya danne dariya. Tsoho bai canja ba ko kaɗan.

Da lokacin salla ya yi, Kaka ya fita tsakar masallaci, ya tsaya gindin tsani, ya toshe kunnuwa ya rangaɗa kiran salla daga nan ƙasa. Sufeto ya bi tsanin da kallo har saman rufi. Tun yana yaro bai taɓa ganin an kira salla daga ƙasa ba. Ko ƙanƙara ta kai gwiwa, sai Kaka ya hau.

"Kaka, yau ba a hawa?"

"Gwiwa, ɗana. Tsufa ya zo."

Jim kaɗan kuma sai ga mai ciwon gwiwa ya tsuguna a bakin rafi yana alwala, ya miƙe zumbur ko dafa ƙasa bai yi ba. Da walakin, goro a miya.

Bayan salla ya wuce makarantar 'yan mata, inda Dakta ta mayar ofis. Ya tarar da ita ta haɗa kai da gwiwa a gaban kwamfuta.

"Dakta, kin ga littafin da idonki ranar da aka rufe akwatin?"

"Na gani mana."

"Littafin, ko ƙunshin?"

Ta sauke numfashi. "Ƙunshin. Ranar Lahadi muka ɗauki hoton kowane shafi, muka auna shi, Kaka na tsaye a kanmu. Litinin ya kawo shi a naɗe, ya sumbace shi, ya sa a akwati. A rahotona na rubuta cewa na duba. Amma don Allah, Sufeto Sahib, wa zai ce wa Kaka ya kwance?"

"Ba ni ba dai. Akwai hotunan ranar?"

"Mutanen asusun nan ko ƙusa aka buga sai an ɗauki hoto. Sun fi ɗari biyu."

Ya ja kujera ya zauna. Ya ga kafinta da guduma, ya ga hatimi, ya ga Torgul yana gyara gashin baki don hoto. Na ƙarshe an ɗauke shi ne bayan an gama aiki, kafin a yi lodi: kowa ya gaji, an baje a tsakar masallaci ana shan koren shayi. Can gefe ga Kaka zaune a kan wani akwati, kofi a hannu, ya tafi duniyar tunani.

"Ƙara girman nan wajen. Ƙasa kaɗan, tsakanin ƙafafunsa."

Jan fentin ya fito ɓaro-ɓaro. Bakwai.

Dakta ta dafe ƙirji. "Inna lillahi!"

Ran Sufeto bai yi daɗi ba. Ya gano abin da yake nema, amma da ma wani ne.

Da la'asar sakaliya suka koma su uku. Sufeto ya tsaya bakin rafi ya yi alwala tukuna, abin da ya ba Saje mamaki, don an riga an yi salla. Suka sami Kaka shi kaɗai yana share tabarmi.

"Kaka, ɗazu ka doki Saje don ya miƙe ƙafa wajen littattafai."

"In ya ƙara, in ƙara."

"To wane ne zai doki wanda ya zauna a kan Alƙur'ani yana shan shayi?"

Ya miƙa masa hoton. Tsohon ya daɗe yana kallo.

"Kaka Fazal Rabi da na sani," in ji Sufeto a hankali, "gara a yanke masa ƙafa da ya zauna a nan. Sai fa in ya san duwatsu ne a ciki. Kuma ba zai taka rufin masallaci ba in akwai littafin a ƙarƙashin ƙafarsa. A wace azara yake, Kaka?"

Tsohon ya jingine tsintsiyar. Ya ɗaga sanda ya nuna wata kafa tsakanin katakan rufi, dab da inda ladan ke tsayawa daga sama.

Sufeto da kansa ya hau tsani ya sauko da shi, naɗe cikin bargon tsohon, bargon da ba shi da wani sai shi.

"Sayarwa za ka yi?" Saje ya tambaya.

"Allah ya shirye ka!" Kaka ya daka masa tsawa, sai kuma muryarsa ta karye. Ya juya ga Dakta. "'Yata, na roƙe ki ki bar shi zuwa Juma'a, kika ce takarda ta ce mafi daraja shi ke fara tafiya. Jibi garin nan kaf zai fita, tsoho da jinjiri. Ƙarƙashin me za su bi? Ɗana Shamroz ya fita bara da gaggawa, bai tsaya na ɗaga masa ba. A bargo aka dawo mini da shi. Na ce ba zan ƙara barin kowa ya fita haka ba. Niyyata in mutum na ƙarshe ya wuce, in kawo miki shi da kaina."

"Lokacin an rufe hanya," in ji Dakta, idonta ya ciko. "Da sauran talatin ɗin fa, Kaka?"

"Ban san za su tsayar da komai ba. Ni na wanke duwatsun, ni na auna, ni na yi ƙarya. Amma abin da ya fi ci mini rai Torgul ne. Bawan Allah na kulle saboda ni, ni kuma ina nan ina kiran mutane salla." Ya miƙa hannuwansa biyu. "Bakht, yi aikinka."

Saje ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa. Sufeto ya girgiza masa kai.

Dakta ta riga ta fita waje da waya a kunne, tana gaya wa mutanen asusun an samu, a turo motoci gobe da sassafe. Labari kuwa ya riga su fita. Kafin a ce haka, ƙofar masallaci ta cika da mutane, wasu da ƙunshin kaya a ka.

Sufeto ya dubi littafin da ke hannunsa, ya dubi Dakta da ta dawo.

"Wannan shaida ce, tana hannun hukuma," ya ce. "Sai gobe ƙarfe bakwai zan miƙa miki, ki sa hannu."

"Sharaɗin asusun ya ce ba a taɓa shi sai da safar hannu."

"Babu mai taɓawa. Wucewa kawai za su yi."

Dakta ta kalli jama'ar. Sai ta ɗauki murfin kyamarar da ke rataye a wuyanta ta rufe idon, ta koma gefe.

Sufeto ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga littafin sama da hannu biyu. Nauyinsa ya ba shi mamaki. Shekara arba'in tsohon nan ke ɗaga wa mutane shi, bai taɓa cewa ya gaji ba.

"Saje, tafi da shi. Ka fara sakin Torgul. Kaka, bismillah, kai ne farko."

Tsohon ya tsaya turus. "Ni? Ai ni ban taɓa bi ba, ɗana. Ban taɓa zuwa ko'ina ba."

"Yau za ka je."

Kaka ya gyara rawani, ya sunkuya ya bi ta ƙarƙashi, leɓɓansa na motsi. Saje ya riƙe masa sanda suka kama hanyar caji ofis. Tsohon bai waiwayo ba. A bayansa kuwa mutanen Spinkot sun riga sun ja layi har bakin rafi.