Bindin Sarauniya

Ranar da Lirwanu ya fara ganin Sahura, kaza yake bi a guje. Malamin kimiyya ne a Gummi. Ya ɗaura wa kazar jelar icce don nuna wa ɗalibai tafiyar dainaso, kakannin tsuntsaye, ita kuwa ta tsere ta faɗa zauren Malam Halliru.

Sahura, ɗiyar mai gidan, ita ta cafke ta, tana dariya har da hawaye.

"Malam, mi kazag ga ta yi maka?"

"Dubi takunta," in ji shi. "Nauyin bindi ya ja ta baya, ƙirji ya ɗago. Haka dainaso sunka yi tafiya da ƙafa biyu."

Ita kaza take kallo, shi kuwa ita yake kallo.

Soyayya ta yi ƙarfi, amma Malam Halliru ya ce atafau.

"Ɗiyata ga mai yi ma kaji bindi? Bindin raƙumi ya yi nisa da ƙasa!"

Ga kuma Shitu mai zinari yana sintirin neman Sahura da sabon babur. Hankalin Lirwanu ya tashi, ya tura mata saƙo: "Tantabarata, ko in haƙura?"

"Kada ka kuskura, nawan," ta amsa. "Muzuru ya kakkarya bindin Sarauniya, tantabarar da Baba ke ji da ita. Duk saukar da za ta yi sai ta faɗo. Shitu ya ce zai sayo mishi goma, Baba ya ce tashi yake so. Ka zo."

Lirwanu ya zo ya durƙusa ya yi gaisuwa. Ya tsinto gashin da tantabaru suka zubar, ya zura siririn tsinke cikin kowane karyayyen gashin bindin Sarauniya, ya jona shi da wanda ya tsinto, ya liƙe da gam.

"Baba, fiffike ka ɗaga tsuntsu, amma bindi shi ne birki."

Aka saki Sarauniya. Ta kewaya hasumiyar masallaci sau biyu, ta baza jela kamar mafici, ta sauka kan katanga a hankali, ko tangaɗi babu.

Malam Halliru ya juyo ya dubi Lirwanu.

"Turo magabatanka, yaro. In raƙumi ya gurfana, ai bindi nai na taɓa ƙasa."

Juma'ar bayan salla aka ɗaura aure, innar amarya ta rangaɗa guɗa, jama'a suka yi ta sa albarka. Kazar nan kuwa, amarya ta hana a yanka ta a walima.