Ruwan Zafi a Kan Batir

Ana gab da kiran magariba Abdulaye ya shigo gida da motarsa mai buɗaɗɗen baya, wadda mutanen Malanville ke ce wa bashe. Da ita yake ɗauko albasa daga Garu zuwa kasuwa, ita ce cinsu, ita ce shansu. Tun kwanakin baya fitilunta na gaba ke ƙifce-ƙifce, su haska, su dushe, su sake haskawa. Khamis, mai gyaran wutar mota, ya ce masa ya fara duba kan batir, in ya ga farin gari ya taru a wurin, ya wanke shi da ruwan zafi.

Ya ɗaga murfin gaba, sai ga garin nan ya yi tsibi. Ya ce wa ɗiyarsa Kamila ta kawo masa butar da ke kan wuta. Matarsa Bara'atu ta leƙo daga madafa ta ce ya bari gari ya waye, ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa da almuru. Abdulaye kuwa mutum ne mai gaggawa, Allah ya sani. Ko bisimilla bai yi ba ya tuttula. Ruwan ya gangara ƙarƙashin mota yana tururi, sai aka ji wani ɗan siririn kuka, gajere, kamar na jinjiri. Suka ce kyanwa ce.

Washegari da magariba fitilun suka kama ƙifce-ƙifce su kaɗai, alhali makulli na aljihun Abdulaye. Tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon ɗaki, ɗaya bayan ɗaya, ba a ga mai jifa ba. Kamila na tsakar gida tana tankaɗe, sai ta saki rariya.

"Inna, wa ke kashe min haske?"

Abin tausayi. Duk lokacin da fitilun suka dushe, ganinta ya ɗauke, in sun haska ya dawo. Kullum kuma duhun sai ƙara daɗewa yake. Khamis ya zo ya sauya ƙwan fitila, ya auna dinamon da ke cajin batir, ya bi wayoyi da yatsa, bai ga komai ba. Daga ƙarshe ya cire batir ɗungurungum ya ajiye a zaure. Da magariba ta yi fitilun suka ci gaba da abinsu. Khamis ya tattara kayan aikinsa bai yi wa kowa sallama ba. A asibiti aka haska idon yarinyar aka ce lafiyarsa lau. Bara'atu ta daina cin abinci, Abdulaye kuma sai ya zauna a gindin taya ya haɗa kai da gwiwa, ya rasa inda zai sa kansa.

Aka ɗauko Malam Nuruddeen daga Madekali a kan babur. Tsoho ne marar yawan magana. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a gaban motar, aka zaunar da Kamila, ya fara karatu a hankali. Gidan ya yi tsit, ko kaji ba sa motsi. Can sai yarinyar ta ɗago kai, wata murya ta fito daga bakinta, muryar mace babba wadda ta gaji da kuka.

Ta ce ita ba baƙuwa ba ce, a nan take tun kafin a yi katangar gidan, kuma ba ta taɓa cutar da kowa ba. Ta ce ɗanta na wasa a inuwar motar aka sheƙa masa tafasasshen ruwa a fuska, ba a ko ambaci Allah ba balle ya kauce.

"Ɗana ba shi gani. Don me ɗiyar mai gidan nan za ta gani?"

Malam bai yi mata tsawa ba. Ya ba ta haƙuri, ya tuna mata cewa yarinyar aike kawai aka yi mata, ya yi mata tayin sadaka, ta ƙi. Ya ce to ta ɗauki fansa a kan abin da ya jawo ɓarnar, ta ƙyale rai.

"Motar na da ido biyu," in ji ta. "Na karɓa. Ranar da ya buɗe su, na rufe na ɗiyarsa, kuma ba ni dawowa a yi wata magana."

Kamila ta yi atishawa ta sulale a jikin uwarta. Da ta farfaɗo ta dubi Bara'atu ta ce mata ɗankwalinta ya karkace. Bara'atu ta fashe da kuka.

Tun daga nan Abdulaye bai ƙara fita kafin gari ya waye ba, kuma rana na yin ja yake ajiye mota duk inda yake, ko a dajin Garu ne. Masu albasa suna son kayansu su isa kasuwa tun da asuba, don haka da ɗaya da ɗaya suka koma wa wasu direbobi.

Wata rana ya kai motar garejin Khamis don wani gyara daban. Khamis na ƙarƙashinta sai ya yi kira da murna, wai ya gano cutar fitilun: wayar mas ce, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, ta yi tsatsa ta saki. Ya kankare ta, ya ɗaure tam, ya fito yana goge hannu.

"Yanzu kam sun gyaru. Bari in kunna ka gani."

Ya zura hannu ta taga. Abdulaye ya cafke masa wuyan hannu, ya riƙe gam har Khamis ya ji zafi.

"Na yarda sun gyaru," ya ce a hankali. "Ba ni almakashinka in yanke wayar."