Tsakuwar Lambun Wafa'a

Abdulmun'im mai raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, ya sha faɗa a teburin shayi na bakin titin unguwar Hajj Yusuf ta Khartum cewa aljani bai isa ya taka ƙofar gidansa ba. Wai kakansa da ya taho daga Katsina a ƙasa sai da ya kwana a maƙabarta bakwai kafin ya ga Nilu, kuma jinin nan ne ke yawo a jikinsa. Ana dariya, ana ƙara masa shayi. Ba wanda ya san cewa ko makewayi zai zaga bayan magariba sai ya yi tari sau uku a bakin ƙofa.

Abin da ya tsone masa ido a gida kuwa lambun 'yarsa Wafa'a ne. Tun da ta gama jami'a a Khartum ta hana a riƙa watsa ruwan wanki a titi kamar yadda kowane gida ke yi da yamma. Ta sa aka haƙa rami a kusurwar tsakar gida, tsawon gado biyu, aka shimfiɗa leda mai kauri, aka cika da tsakuwa. Ta je bakin Nilu ta tono saiwar kacalla ta dasa. Ruwan wanka da na wanke-wanke sai ya bi bututu ya shiga ta wannan baki, ya ratsa ƙarƙashin tsakuwa tsakanin saiwoyi, ya fito ta wancan bakin garau, ba wari ba kumfa, ya shayar da lemun tsami da lalon kakarta Hajo. Doka ɗaya ta kafa: kada a ɗebi tsakuwar, ita ke rufe ruwan. To kusurwar nan ita ce daidai inda Abdulmun'im ya so ya riƙa ajiye raksharsa.

Ya yi magana, uwarsa Hajo da matarsa Sittana da 'yarsa suka taso masa a tare. Sai ya koma dabara. Ran Asabar da magariba ya ce masallaci za shi. Ya dumbuzi tsakuwa daga gindin kacallar, ya zaga bayan katanga, ya watsa ta kan kwanon ɗaki. Ya shigo yana salati fiye da kowa.

"Na faɗa muku," in ji shi, "ciyawar bakin kogi ba ta zuwa ita kaɗai. Mutanen ɓoye ne. A tone ta a huta."

Lahadi ya sake. Litinin ya sake, har da ɗan gurnani na ƙari.

Ran Talata bai jefa komai ba. Ya dawo a gajiye, ya zauna a kan gadon igiya da finjalin gahawa a hannu. Rana ta faɗi. An ɗauke wuta, unguwa ta yi tsit, ko jakin mai sayar da ruwa ba a ji. Babu iska ko kaɗan, amma kacallar ta soma kaɗawa, a hankali, duk gefe ɗaya, kamar ana ratsa ta. Sai tsakuwa guda ta faɗo kan kwano. Ta gangaro, ta gangaro, ta dira gaban ƙafarsa. A jiƙe take.

Ya dubi hannuwansa biyu. Finjali ne kawai a ciki.

Ran Laraba tsakuwa ta sauko kamar ƙanƙara, duk da cewa Sittana ta sa maƙwabta sun tsare bayan katanga da fitila. Da ta lafa, sai aka ji murya a cikin bututun wanke-wanke, can ƙasa, kamar mace na rarrashin jariri. Hajo ta ja carbinta. Inda aka kwashe tsakuwar kuwa baƙin ruwa ya taso sama, saiwoyi sun fito fili, wari ya cika gidan.

Ran Alhamis da almuru aka tarar da Wafa'a tsugune a cikin ruwan nan, tana rufe saiwoyin da tafin hannunta. Aka kira sunanta, ba ta waiwayo ba. Aka ɗauke ta aka kwantar. Aka share mata ƙafafu, suka sake jiƙewa. Aka sake sharewa, suka sake. Ba ta ci ba, ba ta sha ba, idonta a buɗe. Abdulmun'im ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi niyyar faɗin gaskiya, sai ya fasa, ya juya.

Ran Juma'a bayan la'asar Faki Sharfuddeen, malamin ruƙiyya, ya ƙetaro gada daga Omdurman. Tsoho ne siriri, ba ya ɗaga murya. Maƙwabta suka cika tsakar gida, maza ta ƙofa, mata ta gindin lemo. Ya sa aka fito da Wafa'a kan tabarma, ya zuba turare a garwashi, ya yi ta karatu a kunnenta, har inuwar katanga ta cinye rabin gidan. Can sai jikinta ya sandare, bakinta ya buɗe. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, Hausarta kuma irin ta mutanen da, babu Larabci a ciki ko kalma ɗaya.

"Malam, rage wutar nan. Na zo."

"Wace ce ke, daga ina?"

"Daga kogi. Cikin saiwa muka zo. Yarinyar nan ta yi bismillah kafin ta tono mu, ta yi mana gida mai sanyi. Dattinku muke karɓa, muna mayar muku da ruwa. Ba mu taɓa kowa ba."

"To me ya kai ki jikinta?"

"An yaye rufin ɗakin 'ya'yana. An jefa shi sama, aka ce mu ne." Muryar ta yi ƙasa. "Kwana uku ana yi mana ƙazafi muna ji. An buɗe mana gida, muka shiga na mai ginin. Da ita zan koma kogi, can ba mai ƙarya."

"Ba ki isa ba," in ji Faki, ya ci gaba da karatu. Jikin ya yi ta murɗewa har Sittana ta fashe da kuka.

"Tsaya, Malam! To ka ji. Hannun da ya ɗeba shi zai mayar, ɗaya bayan ɗaya. Bakin da ya ce mu ne shi zai ce ba mu ba ne. Kafin rana ta faɗi."

"Wane ne?"

"Ya san kansa."

Abdulmun'im ya gyara murya. "Ya Shehu, wataƙila fa yaran unguwa ne. Ka san yaran yanzu."

Wafa'a ta miƙe tsaye cak. Ta nufi ƙofar waje, tafiyar da ba tata ba. Mata huɗu suka riƙe ta, ta ja su kamar zane. Kowane taku yana barin sawun ruwa a kan busasshiyar ƙasa. Rana ta rage jan layi ɗaya a saman katanga. Ƙafarta ta dama ta hau dokin ƙofa.

"Ni ne!" Muryarsa ta fita siririya kamar ta ɗan akuya. "Wallahi ni ne! Ni na ɗeba, ni na jefa, har gurnanin ma ni ne! Ba su ba ne! Iya, ki ce ta tsaya!"

Ba wanda ya yi dariya. Hajo ta nuna masa tsani da carbinta.

Ya hau kan kwano da rarrafe, yana tsintar tsakuwa cikin hularsa, ya sauko ya jera a gindin kacallar da bismillah, ya sake hawa. A hawa na biyar baƙin ruwan ya nutse ƙarƙashi. Kacallar ta kaɗa sau ɗaya, ta tsaya. A bakin ƙofa Wafa'a ta yi atishawa uku, ta sulale jikin uwarta. Sittana ta shafa ƙafafunta, ta ji su a bushe.

Yarinyar ta buɗe ido. Ta dubi taron mutane, ta dubi lambunta, ta yamutse fuska, ta juyo wajen uwarta.

"Yumma, wa ya taɓa mini tsakuwa?"

Sai duk kawunan da ke tsakar gidan suka ɗaga sama a tare, inda Abdulmun'im ke durƙushe a kan kwano, ba hula a kai, kuma wani ya janye tsanin.