Ba Laifin Fiffike Ba Ne

Khairat 'yar shekara goma sha biyu ce. Tana zaune da iyayenta a unguwar Hay el-Sabi', cikin birnin Alƙahira. Karatu ne ya kawo Abbanta daga Zariya tun tana rarrafe. Yarinya ce mai kai, sai dai akwai ta da gaggawa.

A makarantarsu akwai ƙungiyar masu tashin jirgi marar inji. Ba babban jirgi ba ne. Na katako ne marar nauyi, amma fiffikensa ya fi Khairat tsawo. Da igiyar roba ake harba shi sama. Daga nan sai iska ta ɗauke shi, matuƙi yana ƙasa yana juya shi da rimot.

Kowace Asabar, Ustaz Mahir, malamin kimiyya, yakan kwashe su a motar makaranta zuwa wani fili a bayan gari. Babu komai a wurin sai yashi da tutoci uku, nesa da juna. Wanda jirginsa ya fi yawan kewaye tutocin cikin rabin awa, shi ya ci.

"Ku kalli shirwa," in ji Ustaz. "Kun ga tana kaɗa fiffike? Idan rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi takan tashi sama. Shirwa sai ta shiga cikinta, ta yi ta zagaye, iskar tana ɗaga ta. Sai ta yi nisa sama sannan ta miƙa tafiya. Haka za ku yi."

Yara bibbiyu ne a kan kowane jirgi. Khairat ce matuƙiya. Abokiyar aikinta Shahd ce, Bahaushiyar Sudan, wadda ke zaune a unguwar Faisal, can ɗaya gefen birnin. Shahd ce ta haɗa jirginsu da hannunta, ta shafa masa farin fenti. Suka sa masa suna Balbela.

A cikin kowane jirgi akwai wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana. Tana rubuta duk inda jirgin ya bi, da tsayin da ya kai, da gudunsa. Bayan an sauka, Ustaz yakan tura wa kowa nasa bayanin, ya ce a je gida a duba a kwamfuta.

Khairat ta taɓa buɗewa sau ɗaya. Ta ga layuka sun cakuɗe kamar taliyar koshari, abincin nan na Misirawa. Ta ja tsaki ta rufe. Ba ta ƙara buɗewa ba.

Asabar uku a jere, Balbela tana sauka tun lokaci bai yi rabi ba. Jirgin wata yarinya mai suna Israa kuwa sai ya kewaye tutoci sau shida. Balbela sau biyu, da ƙyar.

A Asabar ta huɗu ma haka aka yi. Balbela ta yi ƙasa-ƙasa, ta kwanta a yashi. Ran Khairat ya ɓaci. Ta dangwarar da rimot.

"Fiffiken nan a karkace yake!" ta ce da ƙarfi. "Tun yaushe nake faɗa miki?"

"Sau biyu na kwance shi na sake liƙawa," in ji Shahd. "Na auna da rula. Daidai yake."

"To rular ce a karkace! Idan ba ki iya ba, ki ce ba ki iya ba. Kullum sai kin ba ni kunya!"

Duk yaran suka juyo. Shahd ta jawo jakarta. Ta tattara gam da almakashinta ta zuba a ciki.

"Khalas, shi ke nan," ta ce. "Ki nemi wanda ya iya."

Ta koma mota ta zauna ita kaɗai.

Da Khairat ta isa gida, tun daga ƙofa ta fara ƙorafi. Umma tana yanka albasa. Ta saurara har ta gaji, sannan ta ajiye wuƙar.

"Ke Khairat, ki ji tsoron Allah. Makon farko kin ce iska ce. Na biyu kin ce rana ta kashe miki ido. Na uku batir. Yau kuma Shahd. Mako mai zuwa ni ce ko Abbanki?"

"Umma, ba ki san jirgi ba ne."

"Ban san jirgi ba, amma na san ki. Je ki wanke ƙafarki, kin cika mini ɗaki da yashi."

Asabar ta zagayo, Shahd ba ta zo ba. Ustaz Mahir ya dubi Khairat.

"Kin ce fiffike ne ko?"

"Shi ne, Ustaz."

"Tamam, ya yi. Israa, ara mata naki."

Khairat ta yi murna. Yau kowa zai ga gaskiyarta. Aka harba jirgin Israa. Ya sami iska mai ɗumi, ya fara hawa. Khairat ta zagaya sau biyu, sai ta ji ta ƙosa. Ta miƙe da shi wajen tuta da gudu.

Minti tara kacal, jirgin ya sauka can nesa, bayan wani tudu. Khairat ta taka cikin yashi mai zafi ta ɗauko shi. Dutse ya kankare masa ciki. Israa ta karɓi jirginta tana shafa wurin, idonta ya cika da ƙwalla.

"Wannan ma ina jin..." in ji Khairat.

"Kada ki ƙarasa!" Ustaz ya dafe kansa da hannu biyu. "Ya Salam! Jirgin da ya yi shida makon jiya? Khairat, sau nawa kika buɗe bayanin da nake tura miki?"

Ta sunkuyar da kai.

"Saura mako uku gasar makarantu. Ba za ki sake riƙe rimot ba sai kin karanta bayanan nan, kin zo kin gaya mini abin da suka ce. Idan ba ki yi ba, babu ke a gasa."

Khairat ta yi kwana shida tana kumbure-kumbure. Ranar Juma'a bayan la'asar, Abba ya same ta a gaban kwamfutarsa ta yi tagumi.

"Me aka yi wa uwata?"

"Abba, wannan abin ba ya karantuwa. Dubi fa! Wa zai gane wannan?"

Abba ya gyara tabarau ya ja kujera.

"Ni dai ban san komai a kan jirgi ba," ya ce. "Amma idan muna duba tsoffin littattafan hadisi, muka yi shakkar wata kalma, kwafi biyu muke jerawa. Inda suka saɓa, nan muke sa ido. Kina da na wadda ta fi ki?"

"Akwai na Israa. Ustaz ya tura wa kowa nata don mu koya."

"Yalla, maza jera su. Jirgi ɗaya, matuƙa biyu."

Ta jera na Israa da nata na ranar da ta ari jirgin. Layin yana da launi biyu.

"Ja ɗin me yake nufi?" Abba ya tambaya.

"Jirgi yana hawa."

"Shuɗin fa?"

"Yana sauka."

"To ƙirga mini. Sau nawa Israa ta zagaya a cikin jan?"

Khairat ta sa yatsa a fuskar kwamfuta. "Ɗaya, biyu... tara. Ta kai mita ɗari uku kafin ta tafi."

"Ke fa?"

"Biyu." Muryarta ta yi ƙasa. "Mita ɗari da ashirin."

"Da kika fita, layin ja ne ko shuɗi?"

"Ja ne."

"Ashe iskar ba ta gama ɗaga ki ba kika bar ta."

"Ai ranar ce kawai!" in ji Khairat.

"Wataƙila. Buɗe sauran mu gani."

Ta ɗauko takarda da biro. Ta buɗe na Balbela ɗaya bayan ɗaya. Tashi goma sha ɗaya ne. Tana ƙirgawa tana rubutawa. A tara daga ciki, ta bar iskar tun layin yana ja. Kuma duk inda ta ga jirgin ya fara yin ƙasa, sai ta ƙara masa gudu don tsoro, ya ƙara faɗuwa.

Sai ta lura da wani abu. Duk inda Balbela ta miƙe, layinta santal yake kamar an ja da rula. Ba ta karkata dama, ba ta karkata hagu. A zagaye biyu kuma, Balbela ta fi jirgin Israa hawa.

Khairat ta ajiye biron. Ta ji kunya ta rufe ta.

"Abba, fiffiken lafiyarsa ƙalau. Ya ma fi na kowa."

"To laifin wa?"

"Nawa ne."

"Madalla. Amma ba ni kika ɓata wa ba."

Washegari da sassafe, Umma ta raka ta Faisal. Suka shiga ƙaramar bas, suka sauka suka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, suka sake shiga wata bas. Mutane sun matse su. Direba yana ta hon. Kusan awa biyu suka yi a hanya.

"Umma, wannan tafiyar Shahd take yi kullum, har da Asabar?"

"Da katako a hannu ma."

Mahaifiyar Shahd, Inna Awadiyya, ta tarbe su da shayi mai kirfa. Shahd ta fito, ta gaida Umma, amma ko kallon Khairat ba ta yi ba.

Khairat ta miƙa mata takardar da ta yi ƙirga a kai.

"Na duba bayanan. Fiffikenki daidai yake. Ni ce nake gaggawa. Ki yi haƙuri, Shahd."

Shahd ta karanta takardar har ƙasa. Ta ninke ta.

"A gaban mutane kika ce ban iya ba," ta ce. "Yanzu kuma a cikin ɗaki za ki ce na iya?"

"Shahd!" in ji Inna Awadiyya. "Baƙuwarki ce fa."

"Ƙyale ta, Maman Shahd," in ji Umma. "Gaskiya ta faɗa."

Khairat ta ɗago kai. Abin ya yi mata nauyi, amma ta ce, "Ki zo makaranta gobe. Zan faɗa a gaban kowa."

Ranar Lahadi, lokacin tara, 'yan ƙungiya suka haɗu a ɗakin kimiyya. Khairat ta miƙe. Ta ce ta zalunci Shahd. Ta nemi gafarar Israa saboda jirginta. Sannan ta nuna wa Ustaz takardarta, ta bayyana masa tara cikin goma sha ɗayan nan.

Ustaz Mahir ya ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi! Wata biyu ina faɗar wannan maganar, har muryata ta dishe!"

Yara suka yi dariya. Shahd ma ta yi murmushi. "Ma'alish," ta ce. "Ya wuce."

Da Asabar ta zagayo, suka koma fili tare. Wannan karon Khairat ta ƙi barin iska mai ɗumi ko kaɗan. Ta yi ta zagaye, ta yi ta zagaye, har rabin awa ya cika. Balbela ba ta faɗi ba, amma sau uku kawai ta kewaye tutoci.

"Wai ni yaya ake so in yi?" in ji Khairat. "Na yi sauri an ce laifi, na yi haƙuri ma babu riba!"

"Kafin ki zargi agogo," in ji Shahd, "mu buɗe kwamfuta."

Suka duba tare. Bayan zagaye na takwas, jan layin ya dusashe. Iskar ta daina ɗagawa, amma Khairat tana nan tana ɓata lokaci. Suka yi shawara. Shahd za ta riƙa kallon tsayin jirgi a wayar Ustaz. Idan yana hawa sosai, ta ce, "Tsaya." Idan hawan ya ragu, ta ce, "Tafi."

Ranar gasa makarantu takwas suka zo. Rana ta take, shirwa uku suna shawagi a sama. Aka harba Balbela. Ta sami iska, ta fara hawa. Bayan zagaye biyu, yatsan Khairat ya fara ƙaiƙayi.

"Tsaya," in ji Shahd.

"Dubi na can, har ya kai tuta!"

"Na ce ki tsaya. Ɗari biyu. Ɗari biyu da hamsin. Ɗari uku. Yanzu tafi!"

Balbela ta miƙe kamar kibiya. Ta wuce tuta ta farko, ta biyu, ta uku. Jirgin da ya riga ta tafiya kuwa ya sauka a yashi. Da alƙali ya busa usur, Balbela ta kewaye sau bakwai. Makaranta ɗaya ce kawai ta fi su, da takwas.

Aka ba su lambar na biyu. Khairat ta rungume Shahd suna tsalle. Israa ta rugo ta faɗa kansu, dukansu suka zube a yashi. Abba yana ta ɗaukar hoto, Umma tana cewa a tashi kada a karya fiffiken.

A hanyar gida, Ustaz Mahir ya juyo ya dubi yaran da ke cikin mota.

"Khairat, gaya wa 'yan uwanki abin da kika koya."

Khairat ta ce, "Idan abu ya lalace, in fara duba aikina kafin in ɗora wa wani laifi. Idan kuma na ga ni ce da kuskure, in amsa, in ba da haƙuri, in gyara."

"Kun ji," in ji Ustaz. "Wanda ya yarda ya dubi kuskurensa, shi ne yake ci gaba."