Rijiyar Ƙofar Gidan Surukina

"Ki koma ki ce kuskure kiy yi!"

Ina tsaye jikin motar kamfaninmu ina naɗe waya, na ɗago na dubi Talha. Tun da muke ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba.

"Kuskuren mi?"

"Basirata, don Allah... gaban mutane fa kiƙ ƙaryata Baba!"

"Tambaya ta yay yi, nib ba shi amsa."

"Surukinki na! Wace ɗiya ka buɗe baki gaban surukinta?"

Raina ya ɓaci.

Fiziks na karanta a jami'a a Sakkwato. Tun ban gama ba matan unguwarmu a Sabon Birni suka yanke mini hukunci, wai ƙarshenta dai alli da allo. Ban raina koyarwa ba, amma wa ya gaya musu ita kaɗai ce? A 'yan ajinmu akwai mai ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, akwai mai haɗa sola, akwai wanda ke yawo yana duba turakun waya. Ni kuwa wani kamfanin haƙar rijiyar burtsatse a Isa ne ya ɗauke ni. Kafin inji ya taɓa ƙasa, ni nake fara zuwa. In kafa ƙarafuna, in ja waya, in tura lantarki cikin ƙasa, na'ura ta nuna mini inda ake sa ran ruwa da inda dutse ne zalla.

Talha yana sayar da maganin dabbobi a kasuwarmu, kuma shi ne mutum na farko da ya ji aikina bai yi dariya ba. A nan ya sace zuciyata. Manya sun shiga maganar, sa rana kawai ya rage.

Sai ga mahaifinsa, Alhaji Yero, Allah ya yafe mini kama sunansa, ya ce zai yi wa mutanen garinsu Kurawa rijiya sadaka. Rijiyoyinsu sun janye, shanunsa da na jama'a suna wahala, mata na kaiwa nesa da jarkoki. Kamfani ya turo ni.

To a wajenmu, wanda ya yi rijiya a ƙofar gidansa ake haƙa ta, kowa ya zo ɗiba ya ga gidan mai alheri. Na auna ƙofar gidan, na sake aunawa, har ina roƙon na'urar a zuciyata ta rufa mini asiri. Ta ƙi. Ruwan yana can gangare, gefen hanyar shanu.

Tsohon ya nuna ƙofarsa da sanda, dattawa na kewaye da shi.

"Yarinya, nan za a haƙa ko?"

Na durƙusa, na ja hijabi na sunkuyar da kai.

"Baba, a gahwarce ni. Babu ruwa nan."

Laifina ke nan da Talha ya biyo ni har mota a kansa.

"Hasken idona," ya sassauta murya, "ki ce na'urar ta tas samu matsala. In an haƙa ba a samu ba, sai a ce Allah bai nuhwa ba. Wa za ya ga laihinki?"

"Ni za ni gani!"

"Basira..."

"In sa tsoho ya tara jama'a, mata su sa rai, alhali na san dutse za a iske? Wagga ita ta kunyar da kaka so in ji?"

"To ki zaɓa. Ko aikinga, ko ni."

Wallahi ji na yi kamar ya watsa mini ruwan zafi. Na jefa wayar cikin mota na ce wa direba mu tafi.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Binta, 'yar goggon Talha, wadda tun tana goyo uwarta ke yi mata tanadinsa, ita ta ɗauki tallan. Gida gida take bi, wai boko ya cinye mini kunya, wai na kalli tsabar idon Alhaji na ce bai san ƙasar kakanninsa ba. Ni da ko takalminsa ban iya kalla ba!

Innata ta tare ni a tsakar gida.

"Ke wace irin ɗiya ta? Ba ki iya cewa to?"

"Inna, ƙarya kika so in yi?"

"So nike ki yi aure!"

Na shige ɗaki na kifa kai a filo. Ina son Talha, ba zan ɓoye ba. Ko ƙarar babur na ji a ƙofar gida sai gabana ya faɗi. Amma bai zo ba, bai kira ba, sai aike da aka yi wa Babana cewa a dakata da maganar sa rana.

Binta ba ta tsaya nan ba. Yayanta Lawwali ya nemo wasu masu injin haya, waɗanda duk inda ka nuna musu nan za su huda. Aka kafa inji a ƙofar gidan Alhaji, aka yanka rago, Binta ce har da rabon fura. Kwanaki injin na kuka, garin dutse kawai yake tofarwa. Daga ƙarshe suka naɗe kayansu, suka bar wa tsoho rami a bakin zaure.

Na zaci zan ji daɗi. Ko kaɗan. Matan nan masu jarkoki kawai nake tunawa.

Wata rana da hantsi Talha ya same ni a harabar kamfani a Isa. Ya rame, har tausayinsa ya so ya karya ni.

"Masoyiyata, gaskiyarki ta hito!" ya ce yana murmushi. "Baba ya ce ki zo ki nuna wurin. Kuma ya ce a sa rana!"

Na dube shi.

"Talha, in tambaye ka?"

"Tambayi, ranki shi daɗe."

"Aikinmu ba duba na ba, wata rana ƙasa na ba mu kunya. Da sun yi sa'a ruwa ya hito ƙohwar gidan nan, yau kana ina?"

Murmushin ya gushe.

"Ai bai hito ba..."

"Da ya hito fa? Ni za ka aura ko Binta?"

Talha bai iya ƙarya ba, shi ya sa na so shi.

"Ban sani ba, Basira."

"To ni na sani."

"Don girman Allah, kar ki yi man haka! Ina son ki!"

"Ni ma haka, shi as sa abin ya yi man ciwo. Ba ni auren wanda sai rami ya shaide ni kahin shi tsaya man. Ka gai da Baba, ka ce ina nan tahe. Ranar kuwa a bar ta."

Na juya da sauri don kada ya ga hawayena.

Na je Kurawa, na kafa turke a gefen hanyar shanu. Alhaji na tsaye can nesa riƙe da sandarsa, ni kuwa ban ɗaga kai ba. Da injinmu ya kai ga ruwa, ruwan ya yi tsiri sama, yara suka ruga ciki, shanu suka hau kuka. Matan garin suka kewaye ni, wata tsohuwa ta kama hancinta ta rangaɗa guɗa a kaina, sauran suka amsa.

Na daɗe ina mafarkin ranar da matan Kurawa za su yi mini guɗar amarci. Na ja hijabi na rufe fuskata, na yi kuka mai isata.